Gaskiya ko Jita-jita: Ƙarin Daji a Jikin Yara da Fafutukar Neman Sabon Magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara yara da matasa kusan 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, suna kamuwa da ciwon daji. Kaso mai yawa na jini ne. Sauran kuwa su ne masu fitowa a matsayin ƙari, wato kumburi mai tauri da ke tsirowa a ƙoda, ko ido, ko ƙashi, ko tsoka, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, ko jijiyoyin da ke bin gefen ƙashin baya. A cikinsu akwai waɗanda likitoci ke warewa su ce masu babban haɗari ne: ko dai ƙarin ya riga ya bazu kafin a gano shi, ko ya dawo bayan an yi magani, ko an duba ƙwayoyinsa an ga alamar mai saurin yaɗo ne. A kan waɗannan ake ta gumurzun neman sabon magani, galibi a asibitocin bincike na Amurka da Turai.

Labarin gumurzun yana iso mana a gutsure, ta waya, ya tarar da maganganun da muka gada tun kaka da kakanni, su cakuɗe. Da wannan cakuɗen uwa da uba ke yanke shawarar ko su kai ɗansu asibiti ko su dakata, ko su ci gaba da magani ko su tattara su koma gida. Shi ya sa ya kamata a auna maganganun nan. Ba duka ne ƙarya ba, kuma wasu gaskiyar da ke cikinsu ta fi ƙaryar ɗaci.

"Ai daji ciwon manya ne, yaron nan jifansa aka yi"

Jita-jita ce. Nau'in da ake kira niyurobilastoma, mai tsirowa daga jijiyoyi, sau da yawa a wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda, ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar, har akan haifi jariri da shi. Ƙarin ƙoda da ake kira Wilms, da sunan likitan Jamus Max Wilms da ya yi bayaninsa a 1899, ya fi kama 'yan shekara uku zuwa huɗu. Na ido ma ƙananan yara yake kamawa. Na ƙashi kuwa ya fi addabar matasa masu tasowa, kuma akasari a kusa da gwiwa yake fitowa.

Gaskiyar ita ce dajin yara daban yake da na manya. Na babba yakan biyo bayan ɓarnar da taba, ko giya, ko wata ƙwayar cuta, ko tsufa suka daɗe suna yi wa ƙwayoyin jiki. Na yaro kuwa, mafi yawa tuntuɓe ne da ƙwayoyin halitta suka yi tun ana ginin jiki a ciki ko a farkon rayuwa. Ba wani abu da uwa ta ci ba ne, ba abin da ta tsallaka ba ne, kuma yaro ba ya shafa wa ɗan'uwansa. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ake dangantawa da gado. Ina nanata wannan ne saboda yadda ake ɗora wa mata laifi, da yadda zargin maita ke raba zumunci alhali ƙarin yana can yana girma.

Wannan bambanci shi ne tushen wahalar masu bincike. Akwai magungunan zamani masu sakin linzamin garkuwar jiki, waɗanda suka sauya labarin dajin fata da na huhu a manya. Da aka gwada su a kan yara, a yawancin nau'o'in ƙari ba su taɓuka abin kirki ba, domin ƙwayoyin ƙarin yaro ba su da yawan sauye-sauyen da za su sa garkuwar jiki ta gane cewa baƙi ne. Ke nan ba za a ɗauko maganin babba a rage awo a ce an gama ba.

"Daji ba ya son ƙarfe"

A ganina babu maganar da ta ci rayukan yara a ƙasarmu kamar wannan. Ana cewa da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya harzuƙa ya watsu. Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Mutane sun ga an yi wa yaro aiki, bayan 'yan watanni ya rasu, sai suka ɗora wa wuƙa laifi.

Tarihin dajin ƙashi ya nuna abin da ke faruwa a zahiri. Kafin shekarun 1970, a Amurka da Turai, yanke ƙafar gaba ɗaya ake yi. Duk da haka kusan takwas cikin goma suna rasuwa, galibi saboda ciwon ya ɓullo a huhu. Ba yankan ne ya kai shi can ba. Ƙananan ƙwayoyinsa, waɗanda hoto ba ya kamawa, sun riga sun bi jini sun sauka a huhu tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Da aka fara haɗa aikin da magungunan kemo, masu bin jini su farauto waɗannan ƙwayoyi, sai masu rayuwa suka kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a cikin waɗanda nasu bai bazu a fili ba, kuma yawancinsu yanzu ba a ma yanke musu ƙafar.

Ɗan gaskiyar da ke cikin maganar ta shafi yankan da ba bisa ƙa'ida ba. Ƙarin Wilms a cikin wani tantani yake a naɗe. In tantanin ya fashe, ƙwayoyin suna zuba cikin ciki, yaron ya koma buƙatar magani mai tsanani har da gashi, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da hasken na'ura. Don gudun haka ne likitocin Turai da na Afirka da dama suke fara ba da kemo na mako huɗu zuwa shida, ƙarin ya motse, sannan su cire shi. Saboda haka ƙarfen da ya kamata a guje wa shi ne askar da za a yi sakiya da ita a kan kumburin da ba a san ko mene ne ba, da ɗorin da za a yi wa gwiwar saurayi ana zaton targaɗe ne alhali ciwon yana hana shi barci mako da makonni.

Yawanci uwa ce ke fara ganin ƙarin ƙoda. Tana yi wa ɗanta wanka, hannunta ya bi ta gefen cikinsa, ta ji wani abu mai tauri, sumul, yaron kuwa bai ce wayyo ba, yana ta wasansa da ruwa. Rashin zafin nan shi ke ruɗar mutane. Sai a ce saifa ce, ko shawara, a jiƙa magani, wata uku ya wuce. Alhali a ƙasashen da ake kai yaro da wuri, kusan tara cikin goma na masu ƙarin Wilms suna warkewa, kuma da tsofaffin magunguna: aktinomaisin D, wanda Sidney Farber ya fara gwadawa a Bostan a shekarun 1950, da binkiristin na shekarun 1960.

"An gano maganin, ɓoye shi ake yi" da "An samu sabon magani mai warkar da kowane daji"

Maganganun nan biyu kamar kishiyoyi suke, amma tushensu ɗaya: zaton cewa akwai wani magani guda ɗaya tal da zai gama da ciwon. Babu shi. Labarin niyurobilastoma ya isa shaida.

Ciwo ne mai ban al'ajabi. A wasu jarirai, ko da ya bazu zuwa hanta da fata, yakan janye da kansa. A wasu kuwa, musamman waɗanda suka haura wata 18 kuma ya shiga ƙashi da ɓargo, ko waɗanda ƙarinsu ke ɗauke da ninkin wata ƙwayar gado mai suna MYCN, yana cikin mafiya taurin kai. Kusan rabin masu ciwon suna cikin wannan rukuni. Maganinsu yakan ci shekara ɗaya da rabi: zagayen kemo biyar ko shida, tiyata, sai kemo mai tsananin da ke shafe ɓargo a mayar wa yaro da ƙwayoyin ɓargonsa da aka ɗiba aka adana, sai gashi, sai maganin garkuwa. Bayan duk wannan, kusan rabi ne ke hayewa.

Maganin garkuwar nan shi ne babban ci gaban da aka samu. Tun a shekarun 1980 masu bincike suka lura cewa ƙwayoyin niyurobilastoma suna ɗauke da wata alama a bayansu, GD2, wadda ba ta da yawa a lafiyayyun sassan jiki. Suka ƙera wani sinadari da ke manne wa alamar, ya jawo ƙwayoyin garkuwa su far wa ƙarin. Sakamakon gwajin da ya tabbatar da amfaninsa bai fito ba sai 2010. Yara 226 aka raba gida biyu. Bayan shekara biyu, kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa sabon maganin suna nan ciwon bai dawo ba, a ɗaya gidan kuwa kashi 46. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin, mai suna dinutuksimab, a 2015, wato kimanin shekara talatin tun daga fara tunaninsa. Da aka ci gaba da bin yaran, tazarar ta ragu, amma ba ta ɓace ba.

Kuma ba allura ɗaya ba ce a yi a tashi. Ta jijiya ake ɗura shi, awa 10 zuwa 20 a rana, kwana huɗu a jere, zagaye biyar. Da yake jijiyoyin jin zafi su ma suna da wannan alama ta GD2, maganin yana taɓa su, yaro ya riƙa murƙususu da ciwon ciki da ƙafafu. Sai an rataya masa ruwan mofin tun kafin a fara, a bar shi yana ɗiga har a gama, ma'aikaciyar jinya na tsaye tana auna bugun jininsa da numfashinsa saboda jiki kan kumbura, jini ya yi ƙasa. Wannan shi ne ainihin kamannin sabon magani idan aka matso kusa da gadon.

Wani maganin kuma yana da tarihi da nahiyarmu. An ƙirƙiro eflonitin a shekarun 1970 da niyyar maganin daji, bai yi abin da ake so ba, aka ajiye shi. Daga baya aka gano yana tayar da masu ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har waɗanda suka riga suka suma. A tsakiyar shekarun 1990 aka daina sarrafa shi saboda masu buƙatarsa ba su da kuɗin saye, sai da ƙungiyoyin agaji suka matsa lamba aka dawo da shi a 2001. A Disamban 2023 FDA ta amince da shi a matsayin ƙwayar da yaro mai niyurobilastoma zai ci gaba da sha bayan ya gama sauran magani, domin rage yiwuwar dawowar ciwon. Ƙungiyoyin iyayen da ciwon ya taɓa 'ya'yansu sun taka rawa sosai wajen tara kuɗin gwajinsa.

Abin da ya fi cika wayoyi a 'yan shekarun nan shi ne CAR-T. Ana ɗibar ƙwayoyin garkuwa daga jinin yaro, a sauya musu halitta a ɗakin gwaji yadda za su gane ƙarin, a hayayyafa su, a mayar masa. A dajin jini ya yi abin mamaki, kuma an amince da shi tun 2017. A ƙari mai tauri abin ya fi wuya, domin sai ƙwayoyin sun kutsa cikin dunƙulen, shi kuma yana fitar da sinadaran da ke kashe musu ƙarfi. A 2023 likitocin asibitin yara na Bambino Gesù da ke birnin Rum suka ba da rahoton yara 27 da ciwonsu ya ƙi jin magani ko ya dawo: 17 ƙarinsu ya ragu, a cikinsu 9 ya ɓace daga hoto gaba ɗaya. Ga yaran da aka fara fid da rai da su, wannan babban labari ne. Amma yara 27 ne, kuma har yanzu bincike ne.

Akwai kuma larotirektinib, wanda aka amince da shi a 2018. Ruwa ne da jariri zai iya sha safe da yamma, kuma ya narkar da wani nau'in ƙarin tsoka da a da sai an yanke hannu ko ƙafa. Sai dai yana aiki ne kawai idan ƙarin na ɗauke da wata haɗewar ƙwayoyin gado da ake kira TRK, kuma 'yan ƙalilan ne ke da ita.

Sai inda aka yi ta bugawa ba a samu ba. A dajin ƙashi, magunguna ukun da ake amfani da su yau su ne na shekarun 1980. Wani babban gwaji mai suna EURAMOS, da ya tattara marasa lafiya fiye da 2,000 daga ƙasashe da dama, ya gwada ƙarin magunguna, bai samu ci gaba ba. Akwai wani ƙari da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa, DIPG, wanda ya kashe 'yar Neil Armstrong tana da shekara biyu a 1962, shekara bakwai kafin ubanta ya taka duniyar wata. Har yau gashi ne ginshiƙin maganinsa, kuma yawancin yaran ba sa wuce shekara ɗaya. Da akwai maganin da ake ɓoyewa, da 'ya'yan attajirai da masu mulki da su kansu likitocin ba su mutu da shi ba.

Wani lokaci ma ci gaban ba ya buƙatar sabon magani. A dajin Ewing, mai kama ƙashi da tsoka, an gwada ba da kemo duk mako biyu maimakon mako uku, da magungunan da aka saba. Waɗanda suka kai shekara biyar ciwon bai dawo ba suka tashi daga kashi 65 zuwa 73.

"Kamfanonin magani ba su damu da yara ba"

A nan kam akwai gaskiya mai yawa. Dajin yara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na dukkan ciwon daji ba, ya kuma rarrabu zuwa nau'o'i masu yawa. A duk faɗin Amurka, masu kamuwa da niyurobilastoma ba su kai dubu ɗaya a shekara ba. Kamfani yana lissafin kasuwa, sai ya fuskanci dajin huhu da na mama. Masu bincike sun auna sun ga cewa akan shafe fiye da shekara shida tsakanin fara gwada maganin daji a kan manya da fara gwada shi a kan yara.

Doka ma ta daɗe da ɓaraka. A da, ba a tilasta wa kamfani gwada magani a kan yara sai in yara suna yin irin ciwon. Tun da yara ba sa yin dajin huhu, sai a yafe wa mai maganin huhu, ko da kuwa abin da maganin ke hari a cikin ƙwaya yana nan a ƙarin yara. Misali shi ne wata ƙwayar gado mai suna ALK, wadda aka gano a 2008 cewa tana da hannu a wasu niyurobilastoma, alhali magungunanta, irin su lolatinib, domin huhun manya aka ƙera su. A 2017 majalisar Amurka ta zartar da dokar RACE, ta fara aiki a 2020, ta ce a duba abin da magani ke hari, ba gaɓar da ciwon ya kama ba. A 2012 kuma aka fara ba kamfanin da ya samar da maganin wata cutar yara da ba ta da yawa takardar gaggauta duba wani maganinsa, wadda yake iya sayarwa. Wadda aka bayar saboda dinutuksimab, dala miliyan 350 aka saye ta.

Farashi kuwa sai dai a yi shiru. CAR-T na farko ya fito a kan dala 475,000 ga mutum ɗaya.

"Gwaji suke yi da 'ya'yan mutane"

Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan fargaba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu a cikin waɗanda aka ba sabon maganin, wasu a cikin waɗanda aka ba wanda ake kwatanta shi da shi. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ba ne, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon abin yana cikin dalilan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ba ni ganin laifinsa.

Amma duk alƙaluman amfanin sabbin magunguna da na kawo a sama daga gwaji suka fito. Ba don iyayen yara 226 ɗin nan sun amince ba, da har yau ba a san ko maganin GD2 yana da amfani ba. A gwajin dajin yara na ƙwarai, ba a hana yaro maganin da aka san yana aiki a ba shi na bogi. Gida ɗaya yana samun mafi kyawun abin da aka sani, ɗaya gidan yana samun wannan tare da sabon abu. Akwai kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamako ana cikin tafiya, kuma shi ya sa aka dakatar da rabon yaran a gwajin dinutuksimab tun kafin lokaci, da amfaninsa ya bayyana, domin kowa ya samu.

Gwaji mataki-mataki ne, kuma ya kamata a faɗa wa iyaye gaskiya: matakin farko awon da jiki zai iya ɗauka ake nema, kuma ba kowane yaro ne ke amfana ba. Haƙƙin uba da uwa ne a yi musu bayani da harshen da suke ji, a ba su lokacin shawara, a nemi yardar yaron in ya yi wayo, a kuma tabbatar musu suna iya janyewa ba tare da an daina kula da ɗansu ba. A Nijeriya sai kwamitin ɗa'ar bincike da hukumar NAFDAC sun amince. Duk wanda ya ce a biya shi maƙudan kuɗi domin wani maganin gwaji da ba shi da waɗannan takardu, a yi nesa da shi. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ƙarancin yaran Afirka a cikin gwaje-gwajen ƙwarai, har ya zama da awon da aka gwada a jikin yaran da ba su san tamowa ko zazzaɓin cizon sauro ba ake yi wa namu magani.

"Maganinsa yana cikin itatuwa"

Rabi da rabi. Binkiristin daga wani fure aka samo shi, ɗan asalin Madagaska, fari ko ruwan hoda, wanda ake shukawa don ado a gidajenmu ma. Masu bincike sun bi shi ne a shekarun 1950 saboda jin cewa ana shan ganyensa domin ciwon sukari, sai suka ci karo da wani abu daban, aka amince da maganin a 1963. Amma sai an tace ɗaruruwan kilo na ganye kafin a samu giram ɗaya, da girman jikin yaro ake auna shi, kuma ta jijiya kaɗai ake ba da shi, in ya zuba a nama ma ƙonawa yake yi. Tafasa ganyen a tukunya ba zai ba da wannan ba. Addu'a da roƙon Allah kuwa ba su taɓa hana zuwa asibiti ba, a haɗa su.

"Kemo ce ke kashe su"

Kemo tana da haɗari, ba a ɓoye wannan. Tana karya garkuwar jiki na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye, kuma a wannan tsakanin zazzaɓi kaɗan yana iya zama ajali, musamman ga yaron da ya rame. Yaro mai karɓar kemo in jikinsa ya yi zafi, a daren za a koma asibiti, ba a jiran wayewar gari. Waɗanda suka warke ma ba su tsira sarai ba. Wani bincike a Amurka da ya bi mutum fiye da 10,000 da suka yi daji suna yara ya nuna, a 2006, cewa kusan biyu cikin uku suna fama da wata lalura mai ɗorewa, ta zuciya, ko ji, ko haihuwa, ko girma. Shi ya sa wani ɓangare na binciken yau rage ɓarna yake nema. Wani maganin kemo mai suna sisfilatin yana kurmantar da yara, amma a wani gwaji kan dajin hanta, da aka riƙa ba da wani sinadarin gishiri awa shida bayansa, masu rasa ji suka sauko daga kashi 63 zuwa 33. An amince da shi a Amurka a 2022. Barin ƙarin ba magani kuwa, ƙarshensa sananne ne.

"Sai an fita waje"

Ga niyurobilastoma mai babban haɗari, cikakken maganin da na bayyana ba ya samuwa a yawancin asibitocin Afirka ta Yamma, kuma ko a waje rabi ne ke hayewa. Ya kamata likita ya faɗa wa iyali haka ƙarara kafin su sayar da gona da gida. Yaron da ba za a iya warkarwa ba kuma yana da haƙƙin a kashe masa zafi da mofin, kada a sallame shi haka nan.

Amma yawancin yaran da muke rasawa ba irin wannan ne ke kashe su ba. Wani bincike na duniya kan dajin ido ya nuna cewa bayan shekara uku, fiye da kashi 99 na yaran ƙasashe masu arziki suna raye, a ƙasashe matalauta kuwa kusan kashi 57. Ciwon ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta. Alamarsa ta farko wani ɗigon fari ne mai sheƙi a tsakiyar baƙin ido, wanda ake gani da magariba in hasken fitila ya faɗa masa, ko a hoton da aka ɗauka da walƙiyar waya, ko kuma ido ya fara karkacewa. A wannan mataki, ko da an cire idon, yaron yana rayuwa. In aka jira har idon ya bulluƙo waje, sau da yawa ciwon ya riga ya bi jijiya ya shiga ƙwaƙwalwa.

A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 na yara masu daji suna warkewa, a matalauta da yawa ba su kai 30 ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da asibitin St. Jude na Amurka suka sa burin kai duniya kashi 60 zuwa 2030, daga baya St. Jude ya ware dala miliyan 200 domin kai ingantattun magunguna kyauta, aka fara rabo a 2025, Zambiya na cikin ƙasashen farko. A arewacin Nijeriya, asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna duba yara masu daji, Yamai ma ta samu cibiyar gashi ta farko a 2021.

Tun 2014 wasu asibitoci a Malawi da Gana da Kamaru da wasu ƙasashe suka haɗa kai a kan ƙarin Wilms. Suka bi tsarin magani ɗaya da aka daidaita da halin da suke ciki, suka ɗauke wa iyaye kuɗin magani, suka taimaka da kuɗin mota da abinci, suka riƙa bin sawun wanda bai dawo ba. Yaran da ke kammala magani ba alamar ciwo suka tashi daga kusan rabi zuwa kusan biyu cikin uku, masu guduwa ana tsakiyar magani suka ragu sosai. Magungunan da suka yi amfani da su tsofaffi ne, masu araha. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kano ko Zariya duk mako, da abincin uwar da ke jinya, da jinin da za a ƙara wa yaro, abubuwa ne da gwamnatin jiha za ta iya sawa a kasafinta, hukumomin zakka da waƙafi ma za su iya ɗauka tun bana.